Roƙon Magajiyar Daɓe

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙorafi sau biyu ba. Masu cin nama suna cin masu cin ciyawa, masu cin ciyawa suna cin ciyawa, ita kuwa ciyawa ba ta da wakili a majalisa. Zaki ne Mai Dawa. Damisa da kuraye da kyarketai su ne fadawansa, kuma a inuwa suke zama. Barewa, gada, gwanki, zomo da ire-irensu su ne talakawa, a rana suke tsayuwa, an kuma sha tabbatar musu cewa rana tana ƙara lafiya.

Haka ake tafiya daga Lahadi zuwa Juma'a. Asabar kuwa daban take, domin ran nan ne Guguwa ke wasa.

Guguwa ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta dajin, mallakar gidan sarauta tun zamanin kakan Mai Dawa na yanzu. A cikinta ne kaɗai za ka ga ɗan damisa yana yi wa ɗan barewa ihu don ya ba shi wani abu, ba don ya tsaya a cinye shi ba. Da hantsi Gauraka, alƙalin wasa, zai hau kan turken raga ya busa usur. Daga nan har faɗuwar rana babu mai farautar wani a dajin kaf. Amanar Asabar ake ce mata. Babu sarkin da ya kafa ta, babu wanda ya taɓa rantsuwa a kanta. Abin da ya faru kawai shi ne duk mai haƙori yana filin wasa, idonsa a kan ƙwallo, kuma mai kallon ƙwallo ba ya kallon wuyan maƙwabcinsa. Talakawa dai sun yi imani cewa albarkar filin ce.

Bayan ragar arewa akwai wani tafki da ba ya ƙafewa ko bazara ta kai bazara. A sauran ranaku ba ka rasa wani mai haƙori kwance a bakinsa, yana lumshe ido kamar mai barci. Samari masu ƙafa sukan je kogi su saci kurɓi biyu su ruga. Amma tsofaffi da masu ciki da guragu, su Asabar suke jira. Ran nan su sha har ciki ya yi tam, sauran mako kuma su lallaɓa da raɓar safiya.

Tasalla tana cikin masu jiran Asabar. Tsohuwar barewa ce, ƙafarta ta baya ta hagu ta shanye tun wani cizo da ta sha da ƙuruciya, kuma duk dajin an san in ba don tafkin nan ba da tuni an manta da ita. Amma kada gurguntar ta ruɗe ka. Ita ce Magajiyar Daɓe, ta gaji sarautar daga uwarta, kuma tana ji da ita fiye da yadda Mai Dawa ke ji da gashin wuyansa.

Daɓen kuwa ga yadda yake. Kowace shekara damina takan bar filin da zaizaya da ramuka. Da ruwa ya ɗauke, sai duk mai kofato ya hallara. Zomaye su kwaso tsakuwa, gafiyoyi su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙara wa daɓe ƙarfi, su yayyafa, sauran su jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan raga zuwa waccan. Tasalla ta ba da waƙa, su amsa, ƙafafu su sauka tare. Haka za a yi ta yi har filin ya yi sumul kamar tsakar ɗakin amarya. Ladan wannan aiki shi ne roƙo ɗaya tak. Bayan an gama, Magajiya takan tsaya gaban majalisa ta roƙi abu guda a madadin talakawa, kuma al'ada ta hana Mai Dawa ya ce a'a. Yawanci kanwa ake roƙo. Wata shekara uwar Tasalla ta yi ƙarfin hali ta roƙi inuwa don masu ciki, aka ba su zana guda.

A wurin kallo, wanda ke zama hagun Tasalla shekara da shekaru wani kure ne mai suna Makau, tsararta, kunnensa ɗaya a yage. Sun zama abokan wasa ba tare da sun shirya ba.

"Kai mai warin baki, matsa can, ka tare mini raga," in ji ta.

"Iya, ki gode wa Allah yau Asabar ce," in ji shi.

Sai su tuntsire da dariya, su koma zagin Gauraka tare. Ko sau ɗaya Tasalla ba ta taɓa tsayawa ta auna maganar nan tasa ba.

To, sai Guguwa ta shiga shan kashi. Kakar wasa guda cur ba ta ga bayan kowa ba, har ƙungiyar kunkuru ta Fadamar Gora sai da ta zo gida ta yi kunnen doki da ita. Mai Dawa ya daina zuwa kallo. Daga nan raɗe-raɗi ya fara yawo, aka yi ta ƙaryata shi da ƙarfi, har kowa ya tabbata gaskiya ne. Damina na gab da ƙarewa aka buga gangar majalisa.

Hawainiya, Kakakin Fada, ita ta yi jawabi. Ta hau kan kututture tana kore shar.

"Jama'ar Marke," ta ce, "Mai Dawa, Allah ya ja zamaninsa, ya ji ana cewa wai za a sayar da Guguwa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Guguwa 'yarsa ce, kuma ba a sayar da ɗa. Abin da aka yi shi ne an samo mata hannun da zai riƙe ta da daraja, shi kuma mai hannun ya nuna godiyarsa ga fada gwargwadon hali." Tana kaiwa nan ta koma ruwan ɗorawa. "Ku tarbi Attajiri Kada Maitsibiri."

Kada ya jawo ciki ya shigo da'ira. Tasalla ta dubi gajerun ƙafafunsa, ta san wannan bai taɓa taɓa ƙwallo ba tun da aka ƙyanƙyashe shi.

"Ni masoyin wasan nan ne tun ina cikin ƙwai," in ji Kada. "Zuciyata ta karaya da na ga jarumai irin waɗannan suna gudu a kan turɓaya. A Tsibiri na shimfiɗa musu ciyawa da aka kawo daga ƙetare. Can za su koma. Sunan ba zai canza ba, rigar ma ba za ta canza ba, sai dai za a ɗan ƙara mata hotona. Ku kuma magoya baya, ban manta da ku ba. 'Ya'yana za su riƙa haye da duk mai son kallo a gadon bayansu. Zuwa kyauta ne."

Babu wanda ya yi tambaya a kan dawowa.

Wani tsohon zomo da ake kira Cindo ya ɗaga kunne daga cikin rana. "Ranka ya daɗe, filin fa?"

Damisa, Sarkin Ayyuka, ya amsa ba tare da ya tashi ba. Ya ce masana sun duba, sun gano cewa fili mai laushi haka, wanda rana ke duka tun safe, babu abin da ya dace da shi kamar shanyar kilishi.

"Naman wa?" in ji wata gada.

"Za a kafa kwamiti," in ji Damisa.

Wuri ya kaure. Masu ciki suka fashe da kuka, gwankaye suka riƙa tonon ƙasa da kofato. Tasalla ta tuna da filin. A kan filin nan uwarta ta koya mata waƙar daɓe, a kansa za a baje naman jikokinta. Hawainiya ta jira hayaniya ta lafa, ta yi fari fat, launin da take ajiyewa don tausayi.

"Mai Dawa uba ne mai kiyaye al'ada," ta ce. "Ciniki ba zai faɗa ba sai an yi daɓen bana an ji roƙon Magajiya. Sai dai ku sani, maganar ƙungiya daban, maganar fili daban, kowace da kwamitinta. In kun roƙi fili, za a bar muku fili, Guguwa ta haye. In kun roƙi Guguwa, za ta zauna, amma fada ba za ta iya ɗaukar nauyi biyu ba. Sai ta koma wasa a faƙon bayan dutse, wanda Allah ya riga ya daɓe shi, filin kuma ya tafi ga Sarkin Ayyuka. Wanda ya haɗa roƙo biyu a baki ɗaya ya rasa duka, kamar yadda kuka sani."

Ba su sani ba, amma tun da an ce sun sani, sai suka gyaɗa kai.

An yi daɓen bana da ƙarfin da ba a taɓa yi ba. Tasalla ta ba da waƙa har muryarta ta dushe, ƙafafu suka riƙa sauka kamar da ƙasar suke faɗa. Da aka gama, talakawa suka taru ƙarƙashin tsamiya don a tsayar da abin da za a roƙa.

Cindo ne ya fara. "'Yan'uwa, ni ban iya magana ba. Amma na lura da abu ɗaya. Duk inda ƙwallo ta je, haƙora can suke binta. In sun tafi bayan dutse kallo, mu sai mu zagaya tafki mu sha. Ni Guguwa zan roƙa."

Aka yi masa ca. Wace Guguwar? Wadda kunkuru ya gagara? 'Yan wasan yanzu ma duk baƙi ne da aka sayo daga wasu dazuzzuka, ko gaisuwa ba su iya ba. Wani gwanki ya ce shi zomo dama ba shi da kofato, ina zai san zafin daɓe.

Tasalla ta miƙe, ta jingina da saiwar tsamiya saboda ƙafarta.

"'Ya'yana," ta ce, "'yan wasa zuwa suke su tafi. Na ga waɗanda aka ɗauka a kafaɗa, na kuma ga ranar da aka jefe su da kashin awaki. Amma ƙasar can ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Ku tona ta ku gani, sawun iyayenku ne a jere, wani kan wani. Me muke da shi a dajin nan da za mu nuna mu ce namu ne? Inuwa ba tamu ba, kogi ba namu ba, ko wuyanmu aro muke yi. Filin nan kaɗai muka yi da ƙafarmu. A kansa ne kure ke zama kusa da ni bai taɓa ni ba. Kuna tsammani don ɗan damisa ya iya bugun kwana ne? Albarkar gumin iyayenmu ce ta ɗaure bakinsu. Mu ba da ita a shanya namanmu a kai, don mu riƙe 'yan ƙwallon da ba su san sunanmu ba?"

Ta yi magana da gaskiyar zuciyarta, shi ya sa ta ratsa su. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, ko ga kanta. Faƙon bayan dutse ba ya bukatar daɓe, kuma inda babu daɓe babu Magajiya. Aka yi guɗa, aka ɗaga ta sama. Cindo ya sunkuyar da kunnuwa ya yi gida.

Asabar ta ƙarshe kafin majalisa, Guguwa ta sake shan kashi. A hutun rabin lokaci Makau bai zagi Gauraka ba, bai kuma tsokani Tasalla ba. Sai ya juyo wajenta.

"Iya, na ji abin da za ki roƙa."

"To, sai aka yi yaya? Kai ma kilishin kake jira?"

"Ki bar wasa. Shekara nawa muna zaune a nan? Wallahi ban taɓa jin wata albarka ta riƙe mini baki ba. Ƙamshinki yana shiga hancina kamar kowace rana. Abin da ke faruwa, in ƙwallo tana tafiya mantawa nake yi. Shi ke nan. Mantuwa ce kawai, Iya."

Gaban Tasalla ya faɗi, amma ta dake. Wa zai karɓi shawarar kure a kan abin da ya shafi wuyan barewa? Ta ce a ranta fada ce ta turo shi, don Damisa ya sami wurin shanyarsa.

"Ka gaya wa waɗanda suka aiko ka ba ka same ni ba," ta ce.

Makau ya buɗe baki zai yi magana, sai usur ya tashi, 'yan wasa suka dawo. Nan take idonsa ya koma kan ƙwallo, ya manta da ita da maganar baki ɗaya. Tasalla ta ga hakan da idonta, ta kawar da kai.

Ranar majalisa ta tsaya a tsakiyar da'ira, ta durƙusa da ƙafa uku.

"Allah ya ja zamanin Mai Dawa. Mun daɓe fili kamar yadda iyayenmu suka yi wa iyayenka. Ga roƙonmu guda ɗaya. A bar mana filin nan yadda yake, kada a shanya komai a kansa, kada a gina komai a kansa, mu da jikokinmu."

Mai Dawa ya rufe ido kamar an soke shi. Ya yi dogon nishi, ya dubi Damisa, Damisa ya sunkuyar da kai irin na wanda aka yi wa babbar asara. Da Tasalla ta lura da kyau, da ta ga cewa ko igiyar shanya ɗaya ba a taɓa tanada ba, kuma kwamitin kilishi bai taɓa zama ba.

"Magajiya, kin kama ni a inda ba ni da mafita," in ji Mai Dawa. "Al'ada ta fi ƙarfina. An ba ku." Ya ɗaga hannu ya tsayar da guɗa. "Kuma don a san fada ba ta rowa, za mu ƙara muku da abin da ba ku roƙa ba. Za a kewaye filin da katanga, har da tafkin, don kada wani ya ɓata muku shi. Za a sa masa suna Filin Tunawa da Magajiya Tasalla."

Talakawa suka yi ta rawa har ƙura ta tashi. Tasalla ta yi kukan daɗi. Sai a hanyar gida ne ta ɗan yi mamakin yadda za a tuna da wanda yake raye, amma ta ce ai manya ba sa kuskuren magana.

Gara ta yi aikin katangar, ta yi shi da kyau, doguwa, mai ƙofa ɗaya. Guguwa ta haye Tsibiri da rigunanta da ragoginta. Gauraka ma ya bi su da usur ɗinsa, don shi alƙali inda ake biyan sa nan ne gidansa. Mai Dawa da manyan fadawa aka yi musu kwalekwale na musamman. Ƙananan masu haƙori kuwa, kuraye da kyarketai da diloli, aka ce babu wuri, su jira a faɗaɗa jirgin.

Asabar ta zo, rana ta buɗe da zafi. Tasalla ta ja ayarin tsofaffi da masu ciki da guragu suka shiga ta ƙofar nan ɗaya. Filin yana sheƙi, bai taɓa yin kyau haka ba. Ga su Makau kuma a wuraren zamansu. Ba wanda ya gayyace su, ƙafa ce ta saba, ta kawo su. Sun jeru kamar kullum, sun fuskanci fili, suna jiran abin da su ma sun san ba zai zo ba.

Hantsi ya yi, babu usur. Masu ƙishi suka gangara tafki suka sa baki. A filin nan kaf babu abin da ke motsi sai su. Tasalla ta ga kai ɗaya ya juya, sannan wani, sannan layi guda. Ta ga wani matashin kyarkeci ya haɗiye yawu. Ta dubi katanga, ta dubi ƙofa, ta ga diloli biyu sun riga sun kwanta a bakinta, wai inuwa suke sha. Maganar Makau ta dawo mata kalma bayan kalma, kuma ta san ita ce ta kawo bayin Allah nan cikin wannan tukunya da bakinta.

Ba ta san lokacin da ta ɗingisa zuwa tsakiyar fili ba.

"Kai Makau!" ta ƙwala. "Ka tuna ranar da Bijiman Tudu suka zo nan suna cika baki?"

Makau ya ɗago. "Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara?"

"Ita fa! Ga Ɗan Gwanki nan ya karɓi ƙwallo a nan inda nake tsaye. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu. Bijimi ya taso masa da ƙaho, ya zura masa ita ta tsakanin ƙafafu!"

"Ƙarya ne, ta gefe ya bi!" in ji wata tsohuwar kura daga sama.

"Ta tsakani ne, ina wurin!" in ji wani.

Kawuna suka juyo. Tasalla ta ba da labarin wasan nan tun daga busar farko. Ta yi gudun mai kai hari da ƙafa uku, ta yi faɗuwar gola, ta yi muryar Gauraka yana hana fenareti, suka tashi tsaye suna zaginsa kamar yana nan. Da ta kai ga ƙwallon ƙarshe, filin ya ɗauki ihu har tsuntsaye suka watse daga katanga. Ta bayan idonta tana ganin ayarinta suna sha suna sulalewa ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya, diloli ma sun baro ƙofar sun matso su ji. Sai da na ƙarshe ya fita ta rufe baki, ta bi sahu tun ihun bai lafa ba. Ita ba ta sha ko ɗigo ba. Mai ba da wasa ba ya barin fili.

A fada aka ji labari, Hawainiya ta fitar da sanarwa cewa Filin Tunawa ya zama cibiyar raya al'adu, kuma wannan yana daga cikin nasarorin cinikin.

Haka aka shiga yi kowace Asabar. Tasalla ta ba su wasan kofi, ta ba su wasan da biri mai tsaron gida ya haye kan raga ya ƙi saukowa, ta ba su na shekarar fari. Cindo ya taɓa cewa zai karɓe ta, amma muryarsa ba ta kai layi na biyu ba, kuma da ya tsaya a tsakiyar fili shi suka riƙa kallo, ba labarin ba. Bazara ta tsananta, raɓa ta daina sauka. Haƙarƙarin Tasalla ya fito, harshenta ya yi kauri. Wasannin da ke kanta kuma suka fara ƙarewa. Ta soma ƙirƙiro waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Makau ya gane, don duk wasan da ta gani shi ma ya gani, amma bai tona ta ba, har shi ke fara ihu in ta ce an ci.

Wata Asabar, rana na tsaka, ta ɗauko na Bijiman Tudu a karo na biyu, don babu saura.

"Mun ji wannan," in ji matashin kyarkecin nan.

"Ba ku ji ƙarshensa daidai ba," ta ce. "Ga Ɗan Gwanki nan ya karɓe ta, ya yanke na farko, ya yanke..."

Muryar ta tsaya. Ta yunƙura, iska kawai ta fito. Ta sake yunƙurawa, maƙogwaron ya ƙi. A bakin tafki akwai sauran masu ciki da ba su gama sha ba. Layin masu haƙori ya fara juyawa wajensu.

Makau ya sauko daga wurinsa a hankali, ya tako har tsakiyar fili. Bai taɓa matsowa kusa da ita haka ba sai a wurin zama. Ta ji numfashinsa a wuyanta, ta ga yawu na zuba ta gefen bakinsa, ta kuma ga yana ƙoƙarin kada ya dube ta.

"Je ki sha, Iya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zan karɓa daga inda kika tsaya. Amma ki yi sauri, don Allah. Ni ban iya ba, kuma tun shekaranjiya ban ci komai ba."

Ta so ta ce masa mai warin baki, ko don ya yi dariya, amma babu murya. Ta juya ta nufi ragar arewa, inda yanzu turaka biyu ne kawai a tsaye. Filin ya yi mata tsawo, ita da ta san kowane taku nasa. A bayanta ta ji Makau ya ɗaga murya.

"To, ga shi nan ya yanke na biyu. Sai bijimin ya zo. A'a, kafin nan dai, akwai wanda ya faɗi. Ku tsaya, ku tsaya in tuna."

Ta yi wa masu cikin alama da kai, suka bar ruwan suka bi jikin katanga zuwa ƙofa. Ta tsaya ta ga fitar ta ƙarshensu. Sannan ta durƙusa ta sa baki a tafkin. Ruwan yana da sanyi da ɗanɗanon laka, kamar yadda yake tun tana 'yar ƙarama a gefen uwarta.

Tana cikin sha ta ji muryar Makau ta yanke. Ba a yi ihun cin ƙwallo ba. Sai ƙarar farata da yawa a kan daɓen, kuma daɓen ya yi kyau ƙwarai, ko ɗaya ba ya tuntuɓe.

Tasalla ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da sha.